Haƙori ya ruɓe ya tara mugunya: a cire shi ne ko a gyara shi?

Duk wanda ciwon haƙori ya taɓa hana shi barci ya san cewa a wannan lokacin babu abin da mutum yake so illa a cire masa shi ya huta, ko ma da me za'a cire. Kuma nan matsalar take, domin hukuncin da zaka zauna dashi har ƙarshen rayuwarka ana yanke shi ne a daren da kai ya ɗau zafi, ido yayi ja, kunci ya kumbura, ko magana baka son ayi maka. Haƙorin babba in ya fita ya fita kenan, babu wani da zai sake tsirowa a gurbinsa. Guda 32 ne gaba ɗaya in an haɗa da huɗun nan na can ƙurya masu fitowa daga baya. Toh amma kuma ba kowane haƙori bane ya cancanci a tsaya ana zuba masa kuɗi da lokaci, akwai wanda cire shin shine daidai, jinkirin ma cutar kai ne. Abin da nake son mu duba shine yadda zaka gane wanne ne naka, da abin da ya kamata ka tambayi likita kafin ka buɗe baki ayi maka allura.

Amma kafin komai, akwai halin da ba'a tsayawa wani nazari. In kumburin ya sauka ƙarƙashin muƙamuƙi ko wuya, ko ya hau sama har ido ya fara rufewa, ko kaji haɗiyar yawu tana maka wuya, numfashi yana sarƙewa, baki baya buɗuwa sosai, harshe kamar an turo shi sama, ga zazzaɓi da rawar ɗari, to ɗan'uwa asibiti zaka nufa a wannan lokacin, ko tsakar dare ne, ɓangaren gaggawa. Ƙwayoyin cutar sun bar haƙori sun shiga nama kenan. Irin wannan kumburin na ƙarƙashin harshe tun 1836 wani likita Bajamushe mai suna Ludwig yayi bayaninsa, har yau da sunansa ake kiran ciwon, kuma yana iya toshe hanyar numfashi cikin awoyi kaɗan. Dan Allah kada a raina shi don an ce "ai haƙori ne kawai".

In kuwa abin bai kai haka ba, toh sai mu fahimci me ya faru a ciki. Haƙori ba dunƙulallen ƙashi bane. A waje akwai farin ɓawon nan mai tauri, ƙarƙashinsa akwai wani ɓangare da bai kai shi tauri ba, sannan can tsakiya akwai wani ɗan ɗaki mai ɗauke da tsoka mai laushi, jijiyar ji da hanyoyin jini, wadda take sauka ta cikin siraran hanyoyi har ƙarshen saiwa. Idan kogo ya ci ya ci har ya isa wannan ɗakin, ko haƙorin ya tsage, ko an taɓa buge shi, sai ƙwayoyin cuta su shiga, jijiyar ta kumbura a wurin da babu filin kumbura, shi yasa zugin yake kamar kai zai rabe biyu. Daga nan sai ta mutu. Kuma abin da yake yaudarar mutane da yawa kenan, domin in ta mutu ciwon sai ya lafa, mutum yace alhamdulillahi na warke, alhali yanzu ne ma aikin ya fara: ƙwayoyin sun samu wurin zama, suna fita ta ƙasan saiwa suna cin ƙashi a hankali. Wani sai bayan watanni yaga ɗan ƙurji ya fito a dasashi kusa da haƙorin, yana fashewa yana fidda ruwa mai ɗaci da wari, ya bushe, ya sake dawowa. Wannan ƙurjin ƙofa ce da mugunyar ta huda wa kanta, ba alamar sauƙi bace.

Shi yasa maganin antibayotik shi kaɗai baya warkar da ruɓaɓɓen haƙori, kuma wannan maganar ina so ta zauna. Magani ta jini yake tafiya, shi kuma cikin mataccen haƙori jini baya shiga kuma, toh ta ina maganin zai kai ga ƙwayoyin? Zai iya rage kumburin da ke kewaye na ɗan lokaci, kaji daɗi sati biyu ko wata biyu, sannan abin ya dawo, ka sake sayen wani, a haka har ƙwayoyin jikinka su saba da maganin ranar da kake buƙatarsa da gaske ya ƙi aiki. Ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta fitar da ƙa'ida a 2019 cewa yawancin ciwon haƙori a jikin mai lafiya ba antibayotik yake buƙata ba, aiki yake buƙata a haƙorin kansa, sai in cutar ta fara yaɗuwa da zazzaɓi da kasala ne ake haɗawa da shi. Don haka zaɓin gaskiya biyu ne kawai. Ko a buɗe haƙorin a wanke cikinsa a toshe, ko a cire shi. Barin shi haka ba zaɓi bane, ɗaga rana ne kawai.

Gyaran shine abin da ake cewa rut kanal. Ana kashe wurin da allura, a sa wani ɗan shimfiɗin roba a keɓe haƙorin don kada yawu ya shiga, a huda shi ta sama, a fitar da matacciyar jijiyar da wasu siraran ƙarafa, a wanke hanyoyin da ruwan kashe ƙwayoyin cuta har ƙarshen saiwa, sannan a cike su da wani abu mai kama da roba a rufe. Haƙorin gaba yawanci hanya ɗaya gareshi don haka aikinsa da sauƙi, turame kuwa na baya suna da uku ko huɗu, wasu a lanƙwashe, shi yasa aikinsu yafi cin lokaci kuma yafi buƙatar hannun gwani. Wani zama ɗaya ya isa, wani sai biyu ko uku. Mutane suna tsoronsa sosai amma gaskiya in allura ta kama baka jin komai sai gajiyar buɗe baki, zafin da ake jingina masa yawanci na ciwon da ya kawo mutum ne. Hukumar lafiya ta Ingila tana cewa kusan 9 cikin 10 na haƙoran da aka yiwa wannan aikin suna kaiwa shekara 8 zuwa 10 a baki, kuma da yawa suna wuce haka nesa ba kusa ba.

Zaka iya cin karo da masu cewa wai haƙorin da aka yiwa rut kanal guba ne a jiki, yana jawo ciwon zuciya da daji da sauransu. Asalin maganar daga wani likitan haƙori ne a Amurka, Weston Price, wajen shekarun 1920, kuma binciken da aka yi bayansa bai tabbatar da ita ba, an daɗe da ajiye ta gefe. A zamanin da aka yarda da ita an cirewa mutane haƙora masu ɗimbin yawa a banza. Kada wannan ya zama dalilinka na cirewa.

Toh yanzu ga ainihin wurin da hukuncin yake. Yawan zafi ba shine ma'auni ba, girman kumburi ma ba shi bane. Haƙori zai iya yi maka azabar da zaka rantse ya gama lalacewa amma gyaransa mai sauƙi ne, wani kuma baya ciwo ko kaɗan amma ya riga ya wuce gyara. Tambayar farko ita ce: in an kankare duk ruɓaɓɓen ɓangaren, me zai rage? Domin wanke ciki rabin aiki ne, dole a samu lafiyayyen bango da za'a ɗora gini a kai. Likitoci suna neman aƙalla kamar milimita 2 na lafiyayyen haƙori sama da dasashi, zagaye, wanda hular da za'a kifa masa, wato murfi mai siffar haƙori, zata kama. In ruɓar ta gangara ƙarƙashin dasashi har ta kusa ƙashi, ko abin da ya rage guntun saiwa ne kawai baƙi mai laushi wanda ƙarfe yake nutsewa a ciki, to ko an yi rut kanal mafi kyau a duniya abin da aka ɗora ba zai zauna ba, wata rana kana tauna zaka ji shi a bakinka. Akwai dabarun da ake yi a ƙara fito da haƙorin, a ɗan rage dasashi da ƙashi ko a jawo saiwar sama da waya, amma ƙarin aiki ne da ƙarin kuɗi, kuma ba kowane wuri yake karɓa ba.

Na biyu tsaga. Wannan ita ce mai wuyar sha'ani domin sau da yawa bata fitowa a hoton eksire. In tsagar a sama take bata sauka ba, hula zata iya riƙe haƙorin. In kuwa ta bi tsawon saiwa daga sama zuwa ƙasa, ko haƙorin ya rabe gida biyu kowane ɓangare yana motsi da kansa, toh babu abin da zai ɗinke shi, cirewa ce. Alamarta ita ce kaji suka in ka ciza abu, musamman lokacin da kake sakin cizon, sannan in likita ya zagaya da ɗan ƙarfen awonsa zai ga ko'ina lafiya, milimita 2 ko 3, sai wuri ɗaya tak ƙarfen ya zurma can ƙasa. In kaji likita yace "sai na buɗe na gani kafin in tabbatar", ba wai bai san aikinsa bane, gaskiya ya faɗa maka.

Na uku ƙashin da yake riƙe da haƙorin. Haƙori kamar turke yake, komai kyawun itacen in ruwa ya zaizaye ƙasar da aka kafa shi a ciki to girgiɗi zai yi ta yi har ya faɗi. Ciwon dasashi na shekara da shekaru yana cinye ƙashi a hankali ba tare da wani zafi ba, sai dai jini wajen goge baki da warin baki, har mutum ya wayi gari haƙori yana rawa. In fiye da rabin ƙashin ya tafi, haƙorin yana motsi gaba da baya har yana nutsewa in an danna shi, gyaran ciki ba zai amfana da komai ba. Amma a kula, akwai rawar da mugunyar kanta take jawowa, haƙori ya ɗago kamar yafi sauran tsawo yana ɗan motsi, wannan in an wanke ciki mugunya ta fita yakan koma ya kafe daram. Haka ma baƙin tabon da ake gani a hoto a ƙarshen saiwa, ko da yana da ɗan girma, ba hukuncin kisa bane, ƙashin yana sake cikowa bayan an kawar da tushen cutar, cikin watanni zuwa shekara ko fiye. Bambance waɗannan biyun aikin likita ne da hoto, ba abin da zaka gane da yatsa a gaban madubi bane.

Wannan ya kawo mu maganar hoto. Ni a ganina duk wanda zai yanke maka hukuncin cirewa ko gyara bai ɗauki eksire ba, to ka nemi a ɗauka, in an ƙi ka nemi wani wurin. Rabin haƙori a ɓoye yake cikin ƙashi, ido baya ganinsa. Kuma ka roƙi a nuna maka hoton a yi maka bayani, ina ruɓar ta tsaya, ina ƙashi yake, saiwa nawa ce. Bayan hoto akwai gwajin sanyi, a ɗora ɗan auduga mai tsananin sanyi a haƙorin: in yayi zir ya wuce nan take jijiyar da sauran lafiyarta, wataƙila ciko kawai ya isa, in zafin ya daɗe kamar rabin minti ko fiye bayan an ɗauke to ta kumbura kumburin da bata dawowa, in baka ji komai ba yawanci ta mutu ne. Ana kuma ƙwanƙwasa haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Wannan gwajin yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin ciwon haƙori yana yawo, na ƙasa ya aika zafi sama ko kunne, kuma mura mai toshe kogon ƙashin kunci tana sa turamen sama duka suyi ta ciwo alhali lafiyarsu ƙalau. Akwai waɗanda aka cirewa lafiyayyen haƙori saboda shi suka nuna da yatsa, suka koma gida ciwon yana nan.

Sai kuma wane haƙori ne. Na ƙuryan nan huɗu, in ɗaya ya ruɓe, mafi yawan lokaci cirewa ake yi ba'a wahalar da kai, isa gareshi da wuya, tsaftace shi da wuya, kuma baka rasa komai wajen tauna. Turmi na farko kuwa, wanda yake na shida in ka ƙirga daga tsakiya, shine ke ɗaukar mafi nauyin tauna, ya cancanci a yi masa ƙoƙari sosai. Fiƙa ma haka, saiwarta tafi ta kowa tsawo kuma ita take riƙe kusurwar baki. Na gaba kuwa ba sai an faɗa ba, magana da murmushi. Sannan a duba ko haƙorin yana da abokin cizo, in na sama ne kuma na ƙasan da yake haɗuwa dashi ya daɗe da fita ba kuma niyyar maye shi, amfaninsa ya ragu.

Abin da mutane basu cika lissafawa ba shine cirewa ba ita ce ƙarshen magana ba. Ranar dai zaka huta, gaskiya ne, kuma a ranar tafi arha nesa. Amma giɓin da aka bari baya zama yadda yake. Ƙashin wurin yana fara shanyewa tunda babu saiwar da zai riƙe, mafi yawa a watannin farko. Haƙoran gefe suna fara kwantowa cikin giɓin, na sama ko na ƙasan da ya rasa abokin cizo yana ƙara zubowa, sai abinci ya dinga maƙalewa a wuraren da da baya maƙalewa, sabon kogo ya fara, kai kuma ka koma tauna da gefe ɗaya kana ƙarawa wancan gefen aiki. Ba kowa ne abin yake tsananta masa ba, wani giɓin can baya ana zama dashi lafiya, amma ya kamata ka sani kafin ba bayan ba.

In kuma zaka cike giɓin hanyoyi uku ne. Haƙorin roba na cirewa da mayarwa, shine mafi sauƙin kuɗi amma wasu basa taɓa sabawa dashi. Gada, wadda ake feƙe haƙoran gefe biyu a rataya sabon a tsakaninsu, kenan ka taɓa lafiyayyu biyu saboda ɗaya. Sai dashe, wanda ake ɗaura ƙusar ƙarfen taitaniyam a cikin ƙashi a jira ta haɗe dashi, yawanci wata 3 zuwa 6, sannan a ɗora haƙori a kai. Wani masani ɗan Suwidin, Brånemark, shi ya fara yiwa mutum wannan a 1965, kuma abu ne mai kyau ƙwarai in anyi shi daidai. Amma shine mafi tsada, tiyata ce, yana buƙatar isasshen ƙashi, mai shan taba da wanda sugansa bai daidaita ba sunfi fuskantar ya ƙi kamawa, kuma shima dasashin da ke kewaye dashi yana kamuwa da ciwo in ba'a tsaftacewa. Sannan baya da ɗan siririn naman nan da ke tsakanin saiwa da ƙashi wanda yake sa kaji ko ƙwayar tsakuwa ce ta shiga tsakanin haƙoranka. Don haka in zaka kwatanta kuɗi, kada ka ɗora rut kanal a gefe ɗaya cirewa a ɗaya gefen. Ka ɗora rut kanal da hularsa a nan, cirewa da abin da zai maye gurbin a can, sai kaga lissafin ya canza. Kuma dashe yana nan yana jiranka ko bayan shekara goma in gyaran ya gaza, amma in ka cire babu komowa.

Sai dai akwai gaskiyar da dole mutum ya faɗawa kansa, kuma ita ce nafi damuwa da ita. Zaka iya kai aikin ƙarshe? Domin abin da yafi kashe haƙoran da aka yiwa rut kanal ba aikin bane, rashin ƙarasawa ne. Anyi zaman farko an fitar da jijiya, ciwo ya tafi, an sa cikon wucin gadi, shikenan mutum ya ɓace, sai bayan wata takwas ya dawo cikon ya fita, yawu da ƙwayoyin cuta sun sake cika ciki ko haƙorin ya dare biyu, anyi asarar kuɗin farko kuma ga cirewar dai ba'a tsira ba. Turmin da aka huda aka rarake cikinsa yana da rauni, hula ce take ɗaure shi. In ka san a halin da kake ciki bazaka iya komawa zama na biyu ba, ko kuɗin hular bazai samu ba nan kusa, ka faɗawa likita ƙarara tun farko, babu abin kunya a ciki. Wani lokacin zai iya yi maka ciko mai ƙarfi ya ɗan rage tsawon haƙorin ya riƙe ka kafin ka samu hali, wani lokacin kuma zai ce toh gara a cire. Cirewa mai tsafta da aka gama tafi gyaran da aka bari rabi da rabi.

Lafiyar jikinka ma tana da ta cewa, kuma anan kada ka ɓoye komai. Wanda yake shan magungunan ƙarfafa ƙashi irin su alendronate, ko ake masa allurar zoledronate ko denosumab, da wanda aka taɓa yiwa gashin cutar daji a kai ko wuya, cirewa tana da haɗari garesu domin ramin zai iya ƙin warkewa ƙashin ya mutu, don haka su anfi karkata ga gyara ko da haƙorin bai da wani kyau. Mai shan maganin tsinka jini kamar warfarin ana iya cire masa, amma da shiri, kuma kada ya dakatar da maganin da kansa. Mai ciwon suga ya sani cutar tana saurin yaɗuwa a jikinsa, ita kuma tana hargitsa sugan, shi bai da lokacin jira. Wanda aka sawa bawul a zuciya ko za'a yi masa babban aiki ko za'a fara masa maganin daji, likitocinsa sukan fi son a kawar da duk haƙorin da ake shakka a kai tun da wuri. Ke kuma 'yar'uwa mai juna biyu, kada ki zauna da mugunya a baki har ki haihu don tsoro, allurar kashe wuri da ƙaramin hoton haƙori ana yinsu ga mai ciki, ki dai faɗa musu watanki nawa.

In an taɓa yiwa haƙorin rut kanal a baya ya sake tashi, shima ba lallai a cire ba. Ana iya kwance tsohon cikon a sake wankewa, sau da yawa wata hanya ce ɗaya aka tsallake ba'a gani ba, ko kuma a shiga ta dasashi a yanke ɗan ƙarshen saiwar a toshe ta ƙasa. Akwai likitocin da wannan ne kawai fanninsu, suna aiki da madubin ƙara girma, in akwai hali a tura ka wurinsu.

Ranar da zaka je, ka tafi da tambayoyinka a rubuce domin a kan kujerar nan mantuwa ake. In an kankare ruɓar me zai rage? Akwai tsaga? Ƙashin fa? A ganinka in an gyara shekara nawa zai yi, kuma me zai iya sa ya gaza? Zama nawa ne, kuma jimillar kuɗin har da hula nawa? In an cire me zai faru da giɓin? Sannan tambayar da nake ganin tafi kowacce fito da gaskiya: likita, da a bakinka yake me zaka yi? In amsar bata kwanta maka ba kuma babu kumburi mai haɗari, neman ra'ayin likita na biyu haƙƙinka ne. Zaka ma iya roƙon a buɗe haƙorin a fitar da jijiya ko mugunyar a sa cikon wucin gadi, zugin ya lafa, kayi barci, sannan ka yanke hukunci da kanka a natse cikin 'yan kwanaki. 'Yan kwanaki nace ba watanni ba.

Kafin ka samu ganin likita, ibuprofen da parasitamol in an haɗa su suna aiki sosai a ciwon haƙori, bisa ƙa'idar da ke jikin kwalin, babba kada ya wuce giram 4 na parasitamol a yini. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai shan maganin tsinka jini da mai ciki su bar ibuprofen sai likita yace. Kada a ɗora asfirin a kan dasashi, ƙona naman yake. Kada a gasa kumburin da ruwan zafi ta waje, kada kuma a huda shi da allura.

In an ƙare a cirewa, ka cije audugar da aka sa maka kamar minti 30, kada ka kurkure baki ko ka dinga tofar da yawu da ƙarfi a awa 24 na farko, kada ka zuƙi abu da tsinken shan lemo, taba kuwa a ajiye ta kwanaki. Gudan jinin da ya daskare a ramin shine murfinsa, in ya fita ƙashi ya bayyana sai wani irin zugi ya taso a kwana na biyu zuwa na huɗu har kunne, da wari, wannan komawa ake a wanke a sa magani a ramin. Daga washegari sai a fara kurkura a hankali da ruwan ɗumi da gishiri. In kuma gyara aka yi, ɗan ciwo in ka ciza na 'yan kwanaki ba komai bane, kada dai ka tauna abu mai tauri a wurin sai an sa hula, kuma ka koma a sake hoto bayan kamar shekara guda a ga ko ƙashin yana cikowa ko da baka jin komai.

Yara kuma lissafinsu daban ne. Haƙorin nono 20 ne kuma kowanne yana riƙewa na dindindin wuri, in an cire turmin nono da wuri na gefe sukan matso su cinye gurbin, na dindindin da ke ƙarƙashinsa ya fito a karkace, shi yasa wani lokacin ake gyara shi ko a cire a sa ɗan ƙarfen riƙe wuri. Amma in ya tara mugunya ba'a barinsa da sunan ai zai faɗi da kansa, yana iya ɓata wanda yake tasowa a ƙarƙashinsa. Kuma iyaye su lura, wajen shekara 6 akwai turmi da yake fitowa can bayan na nono ba tare da wani ya faɗi ba, mutane da yawa suna ɗaukarsa na nono ne suna ƙyale shi ya ruɓe, alhali na dindindin ne. In shine ya kamu, a kai yaron da wuri, domin ko cirewar ce ta zama dole akwai shekarun da in anyi ta a cikinsu turmin da ke bayansa yakan matso ya rufe gurbin, kuma hoto ne zai nunawa likita ko lokacin yayi.